Cinikin jarirai a maƙwabta: Ina aka baro uwar da ta haifa?

Rasuwar tsohon Firaministan Jamhuriyar Nijar kuma tsohon Shugaban Majalisar Dokokin ƙasar, Malam Hama Amadou, a birnin Yamai cikin watan Oktoban 2024, ta rufe babin ɗaya daga cikin shari'o'in da suka fi tayar da ƙura a wannan yanki namu, wato shari'ar nan da aka fi sani da badaƙalar safarar jarirai. An kwashe shekaru ana cacar baki a kanta, magoya bayansa na cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ce, gwamnatin wancan lokaci kuma na cewa doka ce ta yi halinta. Shi kansa marigayin, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa amsa laifin ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan gardama mun bar wa masu ita. Abin da ya dame mu a yau shi ne wasu bayin Allah da aka yi shari'ar aka gama ba tare da an ji muryarsu ba, wato matan da suka ɗauki cikin waɗannan jarirai wata tara suka haife su.

Idan ba a manta ba, a watan Yunin 2014 ne hukumomin Nijar suka fara kame, har adadin waɗanda aka tuhuma ya kai kimanin mutum 30, da yawansu matan manyan ƙasa ne da mazajensu. Laifin da aka ɗora musu shi ne iƙirarin haihuwar 'ya'yan da ba su suka haifa ba. Masu gabatar da ƙara sun ce an sayo jarirai kusan 30 daga wasu gidaje da ke kudancin Najeriya, aka bi da su ta Jamhuriyar Benin, aka shiga da su Nijar a matsayin 'ya'yan cikin waɗanda suka saye su. Hama Amadou ya bar ƙasar zuwa Faransa a watan Agustan 2014, ya dawo a Nuwamban 2015 aka tsare shi a kurkukun Filinge, daga can ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2016 har ya zo na biyu. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a bayan idonsa, hukuncin da ya zama sanadin hana shi takara a zaɓen 2020.

Wata hujja da lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka riƙa nanatawa ita ce babu wanda ya kawo ƙara, babu uwar da ta zo gaban kotu ta ce an raba ta da ɗanta. A wurin lauya wannan hujja ce ta kare wanda ya ɗauke shi aiki. A wurinmu kuwa nan ne gizo ke saƙar. Yarinyar da ta haihu a ɓoye, a wani gida da ba ta ma san sunan unguwar da yake ba, aka karɓe jaririn kafin ta gama farfaɗowa, ta yaya za ta san ɗanta yana Yamai, balle ta nemi kuɗin mota ta je neman hakkinta? Kuma ko da ta sani, wa za ta tunkara, alhali asirinta ne zai fara tonuwa kafin na kowa?

Su wane ne waɗannan mata? Samamen da 'yan sandan Najeriya suka yi ta kaiwa ya ba mu haske. A shekarar 2011 an kuɓutar da 'yan mata 32 masu juna biyu daga wani gida a Aba ta Jihar Abiya, inda wasunsu suka shaida cewa ana ba su tsakanin Naira dubu 25 zuwa dubu 30 a kan jariri, shi kuma dillali ya sayar daga Naira dubu 300 har zuwa miliyan ɗaya. A watan Satumban 2019 an sake gano mata 19 masu ciki a wasu gidaje a Legas. Binciken da aka yi ta yi ya nuna kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka yaudaro da alkawarin aiki aka kulle su, aka yi musu ciki da ƙarfi. Akwai kuma waɗanda suka yi cikin da ba su shirya masa ba, gida ya kore su ko suka gudu don tsoron abin kunya, ba su sami inda za su fake ba sai hannun dillali. Kashin farko aikin 'yan sanda ne da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Kashi na biyu kuwa ba samame ne maganinsa ba.

Haka kuma bai kamata mu rufe ido daga ɓangaren masu saye ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya san gorin da matar da ba ta haihu ba take sha a gidajenmu, daga dangin miji har kishiyoyi, ya san abin da ke sa mace ta ɗaura tsumma a ciki wata da watanni, ta ce za ta je haihuwa wata ƙasa, ta dawo da tagwaye. Ba riƙon yaro take nema ba, domin yaran riƙo ba su yi wuya ba. Magaji take nema, wanda zai amsa sunan maigida ya ci gadonsa, kuma wannan ba ya samuwa sai an shafe uwar asali daga labarin baki ɗaya.

Shekaru bakwai kafin badaƙalar Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa maso gabas ta ga nata salon. A ranar 25 ga Oktoban 2007 jami'an tsaron Chadi suka tare wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeche, suna shirin saka yara 103 cikin jirgi zuwa Faransa. Ƙungiyar ta shaida wa iyalan da ke jiran yaran a can, waɗanda suka biya kuɗi masu yawa, cewa marayun yaƙin Darfur ne. Har bandeji aka naɗa wa wasu yaran don a ce marasa lafiya ne. Da jami'an UNICEF da na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka zanta da yaran, sai 91 daga cikinsu suka ambaci wani babba da suke zaune da shi a matsayin uwa ko uba, kuma aka gano akasarinsu 'yan ƙauyukan Chadi ne na yankin Adre da Tine, dab da iyakar Sudan.

Ba sace yaran aka yi da bindiga ba. Iyaye da dama da hannunsu suka miƙa su, saboda an gaya musu makaranta za a sa su a nan cikin Chadi, inda za su iya zuwa su duba su. A watan Disamban 2007 kotu a Njamena ta yanke wa Faransawa shida, ciki har da shugabansu Eric Breteau, ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, tare da diyyar Sefa biliyan 4 da miliyan 120 ga iyalan. Kwana biyu bayan hukuncin aka mayar da su Faransa, a ƙarshen watan Maris na 2008 kuma Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa. An mayar da yaran ga danginsu, amma shekaru bayan haka iyalan na ta kukan ba su ga diyyar da kotu ta yanke musu ba.

Idan muka jera waɗannan al'amura biyu za mu ga inda suka haɗu. A Chadi an karɓi amincewar iyaye a kan wani abu, aka aikata wani daban. A badaƙalar Nijar kuwa, bisa abin da masu gabatar da ƙara suka bayyana, kuɗi ne ya tsaya a madadin amincewa. A duka biyun babu wanda ya zaunar da mahaifa ya faɗa musu, da harshen da suke ji, me ake nufi da bayar da yaron, wa zai riƙe shi, a ina, sunan wa zai amsa, kuma ko akwai hanyar komawa idan zuciya ta ƙi.

Abin da zai ba mai lura mamaki shi ne, bayar da ɗa ga wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san riƙo. Ana kai yaro yaye gidan kaka ya zauna ke nan. Ana bai wa goggo ko inna da ba ta samu haihuwa ba 'ya ta riƙe har ta aurar da ita. Kunyar ɗan fari kanta ta sa yara da yawa sun tashi a hannun kakanni. Haka al'adar take a Maraɗi da Damagaram, haka take a zangunan Kumasi da Ankara, da unguwannin Hausawa na Kamaru. Ba mu ce riƙo ba shi da aibu ba, don kowa ya san 'yar riƙon da aka mayar baiwa, ta yi talla ta yi wanke-wanke, 'ya'yan gida na makaranta. Amma yana da ginshiƙai uku da suka riƙe shi. Uwa ta san inda ɗanta yake. Yaro ya san asalinsa, ko ba yau ba gobe. Sannan idan riƙon ya ɓaci, akwai manya da za a kai wa kuka a karɓo shi.

Addinin Musulunci ma a kan wannan turba ya tsaya. Ayoyin farko na Suratul Ahzab, waɗanda malamai ke dangantawa da ƙissar Zaidu ɗan Harisa, sun soke al'adar jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, abin da malamai ke kira tabanni. Amma kafala, wato ɗaukar nauyin yaro da ci da sha da tarbiyya ba tare da sauya masa nasaba ba, aiki ne mai babban lada. Wanda ya riƙi yaro yana iya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyya daga cikin sulusin dukiyarsa. Idan matar gida ta shayar da shi yana jariri, ya zama muharraminta. Malaman fiƙihu sun kuma ce ɗaukar jaririn da aka tsinta farilla ce da ke kan al'umma. Abin da Turawa suka sani kuwa daban ne: kotu ce ke yanke dangantakar yaro da iyayensa na asali, ta ba shi sabon suna da sabbin iyaye har abada. Manomin Adre da ya ji an ce za a riƙe masa ɗa, riƙon da ya sani ya fahimta. A cikin wannan giɓi ne mayaudara ke cin kasuwarsu.

To, a ina riƙon namu ya gaza? Ya gaza ne a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Riƙo na aiki idan ɗan na sunna ne, dangi na rububinsa. Amma budurwar da aka yi wa fyaɗe, ko 'yar aikin da ɗan masu gida ya lalata, ko 'yar gudun hijirar da ta haihu a sansani ba miji ba dangi, babu goggon da ke zuwa neman ɗanta. Ga tsoron duka, ga tsoron tsangwama, ga kuma tsoron hukuma. Ko da yake kotunan ɗaukaka ƙara sun wanke Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003, yarinyar ƙauye ba hukuncin ƙarshe ta riƙe ba, abin da ta riƙe shi ne ciki na iya kai mace gaban alƙali. Sai ya zamana ƙofofin da suka rage mata uku ne: ta zubar ko da za ta rasa ranta, ta haifa ta yar a juji ko bakin masallaci, ko ta faɗa hannun dillali. Duk wanda ke karanta jaridunmu ya san sau nawa ake tsintar jarirai a kwali.

A nan akwai darasi daga Sudan. Wani bincike da gwamnatin ƙasar da UNICEF suka gudanar a 2003 ya ƙiyasta cewa ana yar da jarirai kimanin 110 a kowane wata a Khartum, kusan rabinsu na mutuwa kafin a kai musu ɗauki, yayin da akasarin waɗanda ake kaiwa gidan marayu na Maiguma su ma ba sa rayuwa. Hukumomi suka haɗa kai da malamai, a 2006 majalisar fatawa ta ƙasar ta fitar da fatawar da ta ba jariran da aka tsinta matsayin marayu da suka cancanci kafala, ta kuma bayyana cewa yaro ba ya ɗaukar zunubin iyayensa kuma bai kamata a raba shi da mahaifiyarsa haka kawai ba. Bayan haka ɗaruruwan yara sun sami iyalan da suka riƙe su, wasu ma aka mayar da su ga uwayensu, mace-macen kuma suka ragu sosai. Abin takaici, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rutsa da waɗanda suka rage a Maiguma, fiye da 50 suka rasu saboda yunwa da rashin magani kafin a kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni. Wannan ma ya nuna cewa jariri ya fi tsira a bayan mace guda da ta goya shi fiye da a ɗakin da aka jera gadaje.

Ta fuskar dokoki, maƙwabtanmu ba su zauna haka nan ba. Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta tsara yadda ake ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata, ta shardanta cewa sai an yi wa iyaye cikakken bayani a kan abin da amincewarsu za ta haifar, kada a karɓe ta da kuɗi ko wani abin hasafi, kuma amincewar uwa ba ta inganta sai bayan ta haihu. Burkina Faso ta shiga tun 1996, Mali ta biyo baya a 2006, Togo a 2010. Ghana ta dakatar da harkar a 2013, ta gyara dokar yara a 2016, yarjejeniyar ta fara aiki a ƙasar a farkon 2017. Benin ta shiga a 2018, ita kanta Nijar a 2021. Najeriya kuwa, duk da Dokar Kare Hakkin Yara ta 2003, wadda jihohi suka yi ta jan ƙafa kafin su amince da nasu, har Kano ta kai 2023, ta jima a wajen wannan tsari. A shekarar 2021 Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, bisa dalilan da suka haɗa da takardun bogi da cinikin jarirai.

Wani hanzari ba gudu ba, sa hannu a yarjejeniya kaɗai ba zai toshe ɓarakar ba. Waɗannan dokoki sun fi mayar da hankali ne ga mai karɓar yaro: wane ne shi, me ya mallaka, wace takarda zai cike. Wadda ta yi ƙaryar ciki ba ta zuwa kotu neman izini, don a takarda ita ce ta haifa. Matuƙar ana iya sayen takardar haihuwa a asibitin bayan gida, matuƙar kuma miliyoyin yara a ƙasashenmu na tasowa ba rajista, mai jariri a goye zai ci gaba da ratsa iyaka ba mai ce masa uffan. Ga shi kuma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantakar Nijar da Najeriya da Benin ta yi tsami, har Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, abin da ya ƙara wahalar da musayar bayanai tsakanin jami'an tsaro. Dillalai kuwa ba ruwansu da rikicin shugabanni.

Saboda haka a ganinmu gyaran daga wurin uwa zai fara. Da farko, ya kamata a kowane babban asibiti na gwamnati a sami jami'ar jin daɗin jama'a da mai ciki za ta iya gaya wa damuwarta a asirce, ba tare da an kira mata 'yan sanda ba. Sau da yawa abin da take buƙata shi ne wurin fakewa, da abinci, da dattijuwar da za ta sasanta ta da iyayenta, daga nan sai ta riƙe abinta. Talauci kaɗai bai isa dalilin raba uwa da ɗa ba.

Na biyu, idan duk da haka ta ga ba za ta iya ba, a ba ta damar tsara makomar ɗanta da kanta: a fara duba danginta da na uban, in ba a samu ba ta san iyalin da za su karɓa, ta faɗi addinin da take son a tarbiyyantar da shi a kai. A yi wannan a gaban alƙali da shaidu, da harshenta, ba da Faransanci ko Turancin da za a ce ta dangwala yatsa a ƙasansa ba. Kada kuma a karɓi maganarta ta ƙarshe a gadon haihuwa. A Faransa doka ta ba uwa wata biyu ta sake shawara. Mu ma muna da ma'auni a al'adarmu: a bari ta yi arba'in, ta gama wanka, hankalinta ya dawo jikinta.

Na uku, a rubuta komai a adana: sunan uwa, garinsu, da wanda ya karɓa, ko da za a rufe bayanin sai yaron ya girma. Yin haka ya dace da abin da addini ya ce a kan nasaba, kuma shi ne zai hana wa ya auri ƙanwarsa a rashin sani. Na huɗu, kada kuɗi ya shiga tsakani ta kowace fuska, kuma jami'ai su riƙa kai ziyara gidan riƙon don ganin halin da yaron yake ciki. Maroko, wadda ta yi dokar kafala a 2002, ta nuna cewa ƙasar Musulmi na iya sa wannan aiki a hannun alƙali ba tare da ta saɓa wa addini ba.

Mun san akwai masu cewa buɗe irin wannan ƙofa tamkar ɗaure wa lalata gindi ne. Muna girmama damuwarsu, amma muna tunatar da su cewa rufe ƙofar da aka yi shekara da shekaru bai hana cikin ba, jariran kawai ya hallaka, ya kuma azurta dillalai. Sannan wanda ya yi cikin, wanda sau da yawa ya fi ta shekaru da ƙarfi da gata, yana nan yana yawonsa. A nan ne muke kira ga malamai da sarakuna da ƙungiyoyin mata, a nan gida da Nijar da Chadi da Kamaru, su yi abin da takwarorinsu na Sudan suka yi, su fito su faɗa wa jama'a a kan mumbari cewa riƙon irin wannan yaro ibada ce, goranta masa kuma zalunci ne. Su kuma ja kunnen masu yi wa matar da Allah bai ba haihuwa ba gori, domin su ne ke kora ta kasuwar dillalai.

Yaran Abeche yanzu sun zama samari da 'yan mata, manyansu sun doshi shekara 30, kuma ko ba komai sun san iyayensu, saboda an tare jirgin kafin ya tashi. Jariran da aka yi shari'a a kansu a Yamai su ma sun haura shekara goma. Wata rana za su yi tambaya, kamar yadda kowane ɗa ke yi, kuma hukumomin Najeriya da Benin da Nijar ne ya kamata su tanadi amsa tun yanzu, tun waɗanda suka san gaskiyar suna raye. Allah Ya kyauta.